Shekarar da Na Ɗaga Daɓen Cocin Gidan Barmo

Ummi, Khalifa, na san za ku ce me ya kai mutumin da ko furfura ɗaya bai yi ba rubuta tarihin rayuwarsa. To ni ban jira furfura ba. Tun yanzu yara sun fara tsokanar Ummi a islamiyya da cewa babanta ne Mai-tonon-kabari, kuma idan na yi shiru har kuka girma, labarin da ke yawo a Yankara shi za ku riƙe. Gara ku ji daga bakina. Ban taɓa tona kabarin kowa ba. Abin da na yi a waccan shekara, bayan an gama girbin masara, shi ne zan faɗa muku, har da inda na yi wauta.

Sana'ata kun san ta, sa tayil da zuba daɓen siminti. Amma akwai wani ciwo da ya kama ni tun ina saurayi, wato kallon bidiyon masu tonon tarihi a waya. Mutane ne da za su durƙusa a rami yini guda da ɗan burushi, su share ƙasa a hankali kamar masu cire ƙaya a ƙafar jariri, su ja igiya, su auna, su zana kowane dutse a inda suka same shi. Ba wanda ya koya mini. Turancin ma rabi nake ji, sauran da ido nake ɗauka. Abu ɗaya dai ya zauna mini: duk abin da ka ɗaga daga ƙasa ba ka zana shi ba, ka kashe shaidarsa. Har na sayi littafi mai layi-layi da tef na awo na biyu, ina auna tsofaffin rijiyoyi da kangaye a Faskari, mutane suna cewa Nafi'u ya fara taɓuwa.

Yanzu sai ku san mutum biyu. Ta farko kakata ce, Hajiya Dije, mahaifiyar babana, wadda Ummi ta ɗan riska. Na biyun ƙanenta ne, Kaka Ɗanjuma. Uwa ɗaya uba ɗaya suke, an haife su a Gidan Barmo, wani ɗan ƙauyen Maguzawa idan ka bar Yankara ka nufi wajen Sabuwa. Ita ta musulunta tare da mijinta suka dawo Yankara. Shi ya zama Kirista ya zauna a ƙauye. Wannan bai raba su ba, don a danginmu akwai masu zuwa masallaci, akwai masu zuwa coci, kuma ana biki tare, ana zaman makoki tare. Abin da ya raba su fili ne. Da ubansu ya rasu gidan ya watse, Kaka Ɗanjuma ya ba da kangon aka gina coci a kai. Ita kuwa Hajiya, lokacin haihuwarta ta fari gida ta koma kamar yadda ake yi, ta haifi 'ya mace a ɗakin uwarsu, yarinyar ba ta cika wata biyu ba ta koma. Hajiya ta ce a cikin gidan aka binne ta, don haka an ɗora coci a kan 'yarta, mutane suna taka ta kowace Lahadi. Shi ya rantse cewa a gindin ɗorawar bayan gari aka sa ta, inda ake sa yara. Ta je ta ga bango ya tashi, suka faɗa wa juna maganganu, ta juyo. Fiye da shekara arba'in ba ta sake taka Gidan Barmo ba. Idan ya zo Yankara gaisuwa, sai ta amsa daga bayan labule, gajeriyar amsa, ta aiko masa da ruwa.

To shi Kaka Ɗanjuma ne ya aiko a kira ni. Daɓen cocin ya tsattsage, wasu wurare sun lotsa har benci na rawa, dattawa sun yanke a fasa shi a zuba sabo a sa tayil. Da na isa ya kama kunnena, ya ce in na yi musu aikin banza zai ƙwace matata, don dama ta fi dacewa da shi. Na ce ya fara samo haƙoran da zai ci tuwonta. Haka muke da shi.

Cocin na ƙasa ne, an yi masa filasta, rufin kwano, tagogi ƙanana. Muka fitar da bencina muka fara fasawa daga bakin ƙofa. Da muka kwashe simintin da cikon da ke ƙarƙashi, kamar kamu ɗaya da rabi, sai bakin cebur ya goga wani abu mai santsi. Na durƙusa na share da hannu. Tsohon daɓe ne, irin na mata, wanda ake bugawa da madaɓi a shafe da makuba, ja wur, kuma gefensa ya lanƙwasa kamar bakin faifai. Ɗaki ne zagayayye. Abin da nake kallo a waya shekara da shekaru, ga shi a gabana, a ƙauyen kakata. Na ce wa leburori su ajiye diga. Na roƙi Fasto, wani mutum mai sanyin magana da bai daɗe da zuwa ƙauyen ba, ya ba ni kwana uku. Ya ce shi dai a gama kafin bikin godiyar girbi, in ba haka ba dattawa za su cinye shi ɗanye.

Na kafa turaku, na ja igiya gida-gida, kowane gida taku ɗaya, na ba su lamba. Na sayo burushin fenti da tsintsiya mai laushi. A kwana biyu na fito da rabin ɗakin, da duwatsun murhu uku da baƙin toka a tsakaninsu, da wasu duwatsu jere a zagaye waɗanda na gane na gindin rumbu ne. Kowanne na auna, na ɗauka a waya, na zana. Sai a rana ta uku, a bayan ɗakin, na ci karo da kasko a kife. Na share gefensa, ga wani. Na ci gaba, har biyar, a jere, kowanne a kan ɗan rami da ƙasarsa ta fi ta kewaye duhu.

A nan ne wautar take. A bidiyo na sha ganin an sami jarirai a ƙarƙashin tukwane. Ga kuma labarin Hajiya da na tashi da shi a kunne. Ban ɗaga ko ɗaya ba, wannan kam Allah ya tsare ni, amma bakina ban tsare shi ba. Na fito ƙofar coci da burushi a hannu, na tara dattawa, na ce musu na sami kaburburan jarirai biyar. Har da cewa bincike ya tabbatar. Wane bincike? Ni kaɗai ne da littafina.

Kafin la'asar ƙauyen ya ɗauka. Mata suka ƙi ko leƙowa, da ma na ja igiya a ƙofa na hana shiga. Maza suka rabu biyu, wasu na cewa a rufe da sauri a zuba siminti a yi shiru, wasu na cewa ba za su sake yin sujada a kan yara ba. Kaka Ɗanjuma ya shiga ya tsaya a kan kaskon nan ya daɗe, ya fito ya zauna a gindin bango, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Mutumin da ba ya minti biyar bai tsokane ni ba, ranar ko kallona bai yi ba.

Labari ya riga ni isa Yankara, kuma ya yi ƙiba a hanya. Biyar sun zama ashirin, burushi ya zama diga, har an ce na ɗebo ƙasusuwa a buhu. Babana, kakanku Malam Isa, yana zaune a zaure na yi sallama. Ya amsa sallamar don wajibi ce, sannan ya ce aikin coci bai hana ni ba, don na kawunsa ne, amma tonon matattu ba a gidansa na koya ba. Na buɗe baki zan yi bayani ya ɗaga hannu. Ya ce gobe in koma in rufe abin da na buɗe, kuma kada maganar nan ta kai kunnen tsohuwa.

Na kwana ina juyi. In na rufe, na bi maganar mahaifi, amma na bar Kaka Ɗanjuma da yara biyar a wuya, na bar Hajiya da zarginta, kuma siminti ba ya buɗuwa sau biyu. Da safe na ɗauki littafina na shiga sashen Hajiya. Na san abin da nake saya da wannan shigar.

Tana kan tabarma tana gyaran zogale. Ta ce, “Maigida, yau kuma da takarda ka zo? Sakin nawa ne ya zo?”

Na ce mata saki sai ta biya ni sadakina. Na zauna na buɗe zanen, na ce ta duba mini wani abu. Hajiya ba ta yi boko ba, ko sunanta ba ta rubutawa. Na fara yi mata bayani, nan ƙofar coci, nan gabas. Ta karɓe littafin, ta juya shi ƙasa ta koma sama, ta kawo shi kusa da ido. Sai ta ɗora yatsa a kan ɗigo ukun nan.

“Wanga murhun Inna ne.”

Ta bi da yatsa ta nuna mini inda ƙofar ɗakin take, wurin da ni na ɗauka daɓen ne ya karye. Ta nuna rumbu ta ce na gero ne, na dawa yana can gaba. Ni da na kwana uku ina awo, tsohuwa ta karanta zanena ta fi ni. Da ta zo kan da'ira biyar ɗin ta tambaye ni mene ne. Na sunkuyar da kai na ce kasko ne a kife, ina jin yara ne.

Ta dube ni. Sai kafaɗunta suka fara rawa. Dariya take yi, irin wadda ba ta da sauti, har ta share ido da bakin mayafi.

“Yara? Ka ga ta farkon nan? Ni ce. Ga ni zaune ina gyaran zogale. Ta ƙarshen kuma Ɗanjuma ne, shina can shina cin tuwo.”

Mabiyiya ce. Mu biyar Inna ta haifa, in ji ta, kuma duk haihuwa ungozoma takan haƙa rami a bayan ɗaki ta binne mabiyiya da cibiya ta kife da kasko. Aikin mata ne, maza ba sa zuwa wurin, shi ya sa duk dattawan nan suka tsaya a kai ba wanda ya gane. Da na bar tsohuwa ɗaya ta ƙauyen ta tsallake igiyata, da magana ta mutu a ranar. Ta ce wayar da ta koya mini tono ba ta koya mini yadda aka haife ni ba. Kunya ta rufe ni, amma daɗi ya fi kunyar yawa.

Sai dariyar ta tsaya. Yatsanta ya wuce rumbun, ya bi ta gefe, ya kai bakin takarda ya sauka a kan tabarma.

“Takardarka ta ƙare ba ta kai wurin ba.”

Na ce can ban fasa ba tukuna, kusurwar da mata ke zama ce. Ta rufe littafin ta miƙo mini, ta ce in nemo mota.

Babana ya zo ya tsaya a ƙofarta yana ba ta haƙuri. Ya ce hanyar ba lafiya gare ta ba a 'yan shekarun nan, ga ƙafarta, ga maganar mutane. Ta bar shi ya gama, ta ce da safe za a tafi a dawo kafin la'asar kamar yadda kowa ke yi, mutane kuma ba su ne suka haifa ba. Ni kuwa, kallon da ya yi mini ya isa.

Washegari muka isa Gidan Barmo da hantsi. Kafin in buɗe mata ƙofar mota mutane sun taru, don tsofaffi sun gane ta. Kaka Ɗanjuma ya taso da sandarsa ya tsaya nesa kaɗan, ya ce, “Yaya, sannu da hanya.” Ta ce yawwa, ba ta dube shi ba. A ƙofar coci ta tsaya, na ɗauka ba za ta shiga ba. Fasto ya matso ya ce in ta fi so a fito mata da kujera waje. Ta tuɓe takalmanta ta ajiye gefe.

“Ɗakin uwata za ni shiga.”

Na riƙe hannunta muka tsallake igiya. Ta taka jan daɓen nan da tafin ƙafarta. Sannan ta juya ta kira matan da ke leƙe ta taga, ta ce su shigo su ga kaburburan da jikanta ya gano. Wata tsohuwa ta duba ta tafa hannu, sai dariya ta kama daga ciki har waje. Hajiya ta nuna kasko na ƙarshe da sanda ta ce wa ƙanenta ga shi nan, tun yana nan ƙasa ba ya jin magana. Ya yi ɗan murmushi, amma idonsa na kan kusurwar da ban fasa ba. Ya san ba don kasko ta zo ba.

Ta koma murhu ta juya masa baya. Ta taka zuwa rumbu tana ƙirgawa a hankali, ta karkata hagu, ta hau kan tsohon simintin, taku huɗu, ta tsaya kusa da bango. Ta ce ranar da yarinyar ta rasu an aiki Ɗanjuma ya kai wa dangin mijinta labari, kafin ya dawo an gama. Maza sun so a kai ɗorawa, Inna ta hana, ta ce jikarta ta fari ba za ta kwana a daji ba. Hajiya kuma da hannunta ta ɗauko ɗan dutsen niƙan Inna ta dasa a kai.

Ban bari lebura ya taɓa wurin ba. Da kurfi da guduma na fasa simintin a hankali, na kwashe cikon da cokalin gini, sauran da burushi. Cocin ya yi tsit, ba ka jin komai sai sharar burushina. Na fi awa ɗaya. Har na fara addu'a a zuci, ban ma san me nake roƙo ba, a samu ko kada a samu. Sai ga bayan dutse, mai santsi, dogo kamar tafin hannu biyu, a tsaye. Na share kewayensa, ƙasar ta nuna ɗan tsawon wurin, bai kai kamu biyu ba. Na ajiye burushi. Daga nan ban ƙara ko yatsa ba, kuma wannan nake so ku riƙe.

Kaka Ɗanjuma ya saki sandarsa ya durƙusa, da ƙyar, gwiwa ɗaya bayan ɗaya.

“Yaya, ni na ɓata. Shekara arba'in ina kai miki gaisuwa gindin ɗorawa, ashe tana nan.”

Ashe duk shekara yakan je ya share gindin ɗorawar nan ya cire ciyawa. Ba wanda ya taɓa faɗa mata. Ta dube shi, karo na farko tun isowarmu, ta ce ya tashi kafin gwiwar ta ƙi miƙewa a ce ita ta karya shi. Ta sunkuya ta miƙa masa hannu, ƙarshe ni na ɗago su su biyun.

Fasto ya tambaye ta abin da take so, ko a ɗauke a mayar inda ta zaɓa. Ta ce wanda ya kwanta ba a tashinsa, ita dai kada a taka. A nan dattawa suka yarda. Na rufe daɓen da murhun da kaskon duka da yashi mai laushi kafin in zuba ciko, yadda ko bayan shekara ɗari wani ya buɗe zai same su lafiya. A kusurwar kuma na ɗaga ɗan dandamali kamu ɗaya, ba a sa benci a kai. Bikin godiyarsu ya makara da sati biyu, Fasto ya sha magana, bai taɓa nuna mini ba.

Abin da ya biyo baya a Yankara ba zan ɓoye muku ba. Gaskiyar ba ta yi gudun ƙaryar ba. Aikin tayil na wani masallaci da aka riga aka yi mini alkawari, aka ba wani. Sunan Mai-tonon-kabari ya manne, kuma rabin laifin nawa ne, ni na fara furta kalmar a ƙofar coci. Babana ya yi wata huɗu ba ya ce mini komai bayan amsa gaisuwa. Bai taɓa cewa na yi daidai ba, ni ma ban taɓa cewa ban saɓa masa ba. Sai dai ranar sunan Khalifa na same shi a zaure da littafin a hannu, yana kallon kusurwar nan. Yayarsa ce, bai taɓa sanin inda take ba.

Saura abu ɗaya daga waccan ranar. Kafin mu fito daga cocin na zauna a ƙasa ina cika zanen, don kowane abu na ba shi lamba da bayani. Murhu, na rubuta na Inna. Kasko biyar, Hajiya ta jero mini sunayen, har da uku da suka rasu. Da na zo kan dutsen sai na ɗaga kai, da rawar kaina da komai, na ce, “Hajiya, wane suna zan sa?”

Matan da ke wurin suka sunkuyar da kai. Sai a lokacin na tuna. 'Yar fari ce. Uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ko yana raye ko ya mutu, kuma shekara sittin Hajiya ba ta taɓa furta shi ba, ko a faɗan da ta yi a kansa. Ta ja mayafi ta rufe bakinta kamar wata sabuwar amarya, ta kau da kai wajen taga. Na rasa inda zan sa kaina. Na fara cewa a bar shi haka, zan sa lamba kawai.

Kaka Ɗanjuma ya gyara murya.

“Lami,” ya ce. “Ran Alhamis ta zo, ana ruwa. Ni na tahi kiran ungozoma.”

Hajiya ba ta juyo ba. Ta dai gyaɗa kai sau ɗaya, ta ce da ni, “Rubuta abin da kakanka ya ce.”